Ragowar Baba

Ranar da Baba ya suɓuce daga hannuna a banɗaki, bai ji wani rauni ba sai ɗan ƙujewa a gwiwar hannu. Na ɗago shi ne daga kan kujerar robar da nake zaunar da shi in zan yi masa wanka, jikinsa da sauran santsin sabulu, ƙafata ta zame, muka tafi ƙasa tare. Na miƙe na kama shi ta hammata, na sake kamawa ta ƙugu, ko motsi bai yi ba. Ruwan ɗumin da na zuba masa ya huce a jikinsa, ga sanyin safiyar Jos, haƙoransa suka fara haɗuwa. Dole Inna ta leƙa waje ta kira maƙwabta biyu. Suka shigo suka ciccibe shi zuwa ɗaki, daga shi sai ɗan zanen da na yi sauri na yafa masa.

Mutanen kirki ne, sun kawar da kai iya yinsu, sun yi masa sannu sun fita. Suna fita ya juya fuskarsa bango. Tunda nake ban taɓa ganin hawayen mutumin nan ba sai ranar. Da la'asar na shiga gyara masa shimfiɗa, ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin maganar ta fito.

"Kar a ƙara," ya ce.

Na gane abin da yake nufi. Kada a ƙara kiran kowa ya gan shi a haka.

A lokacin an yi 'yan watanni da shanyewar ɓarin jikinsa na dama. Baba ƙaton mutum ne, da dako ya fara a kasuwar dankali tun yana saurayi, buhu a wuya daga mota zuwa rumfa, kafin ya zama dillali ya zauna a kan benci yana haɗa mai saye da mai sayarwa. Ƙirar dakon ba ta bar shi ba har tsufa. Ni kuwa ban san inda aka samo ni ba. Tela ne ni, ina da ɗan shago a Kwararafa, kuma abu mafi nauyi da na saba ɗagawa shi ne kan keken ɗinki in zan kai shi gyara. Tun muna makaranta ake ce mini tsinken tsire, ana cewa in iska ta taso in riƙe wani abu. Ni kaɗai ne namiji a gidan, ƙannena mata duk sun yi aure in ban da auta. Inna ƙanƙanuwar mace ce mai fama da ciwon baya. Ɗaukar Baba daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa banɗaki, babu wanda ya rataya a wuyansa sai ni, kuma ga shi na kasa.

Akwai wani mai walda da yake kawo mini ɗinkin kayan coci nasa da na 'ya'yansa. Ibo ne, amma a Bukuru aka haife shi, kowa Oga yake ce masa. A bayan shagonsa da ke unguwar Congo-Russia ya kafa rumfar kwano ya tara ƙarafan ɗagawa, samari suna zuwa da safe. Na sha yi masa tsiya a kan haka, ina ce masa ban ga hankalin ƙato ya wuni yana dakon da ba a aike shi ba. Washegarin faɗuwar Baba na haɗiye tsiyata na je na same shi. Na ɗauka zai rama, amma da ya ji abin da ya kawo ni sai ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Mamana ma haka ya yi kafin ya mutu," in ji shi, da Hausarsa wadda kowa namiji ne a cikinta. "Ni ne ina ɗauka shi kullum. Ka zo gobe da safe, tela."

Kayan wurin duk aikin hannunsa ne: siminti da aka zuba a gwangwanin fenti aka soka ƙarfe a tsakiya, tsofaffin fayafayan burkin babbar mota, benci da aka lulluɓe da ledar kujerar bas. Bai bar ni na taɓa abin da samarin suke yi don ƙirji ya fito ba. Abu biyu ya ɗora ni a kai, tsugunawa da tashi da nauyi a kafaɗa, da kuma ɗago nauyi daga ƙasa da ƙarfin cinya, baya a miƙe. Ya ce haka ake ɗaga mutum. Satin farko da ƙyar nake taka keken ɗinki, in zan sauka daga kan dakalin shago sai na dafa bango kamar tsohuwa.

Na yi wata guda ina zuwa ba fashi, amma babu abin da ya ƙaru da ni sai gajiya. Har ramewa na ƙara yi. A gida kuwa na koma yi wa Baba wanka a ɗaki da tsumma da ruwan roba, don ban yarda da kaina in sake kai shi banɗaki ba. Ba ya son haka, yana runtse ido har in gama. Raina ya ɓaci, na ce wa Oga ƙarafansa na ƙarya ne.

"Me ka ci jiya?" ya tambaye ni.

Na ce shayi da burodi da safe, da rana ɗan gurasa, da dare tuwo.

"Tuwo kamar yaya? Nuna mini da hannu."

Na nuna. Ya kira samarin wurin su zo su ga abin da wani magidanci yake kira abinci, suka yi ta dariya. Sannan ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ya ce akwai abin da ake kira kalori, wato ƙarfin da ke cikin abinci, wanda jiki yake ƙonawa in yana aiki. Ni ɗan abin da nake ci ko aikin yini bai isa ba, ga shi na ƙara masa ɗaga ƙarfe, shi ya sa jikin ya koma cin kansa. In ina son tsoka sai abin da ke shiga ya fi abin da ke ƙonewa, kullum, ba ranar da na ga dama ba.

"Ƙarfe yana tambaya ne kawai," ya ce. "Abinci ne yana ba da amsa. Abeg, don Allah ka je ka ci. Wake, ƙwai, awara, gyaɗa, nono, dankali. In ka ƙoshi, ka ƙara."

Wanda bai tashi a gidanmu ba zai ga wannan abu ne mai sauƙi. Mu an raine mu ne a kan cewa yawan ci abin kunya ne. Baba bai yarda yaro ya suɗe kwano ba, bai yarda a ce ƙari ba, kuma in baƙo yana nan ko kallon abinci ba a yi. Wanda ya cika ciki acici ne, marar tarbiyya. Na girma a haka har cikina ya saba, 'yan lomomi kaɗan sun ishe ni. Yanzu kuma an ce in zauna in yi ta tura abinci bayan na ƙoshi, a gidan da mai gidan yake kwance ana ba shi kunu da cokali.

Na fara dai. Da safe bayan ƙarfe sai in tsaya wurin mai wake da shinkafa in ce a cika, a zuba mai sosai. Da hantsi awara da yaji, da rana dankali da ƙwai ko gwate, ga ƙullin gyaɗa a aljihun keke ina watsawa a baki tsakanin ɗinki, ga kindirmo in masu tallan nono sun biyo. Ban taɓa sanin ci yana iya zama aiki ba sai lokacin. Muƙamuƙina ya riƙa gajiya da tauna. Wani lokaci sai in zauna gaban kwano ina kallonsa kamar abokin gaba, in rufe ido in tuna fuskar Baba a jikin bango, in sake kai loma. Duk wannan a ɓoye nake yi, a bayan labulen shago, don kada masu zuwa dubiya su ce uban yana jinya ɗan yana shagali. A gida kuwa ɗan tuwona na da nake ci.

Abin ya ɗan motsa, amma a hankali ƙwarai. Ana nan wata Lahadi bayan sun taso daga coci Oga ya zo duba Baba, da ledar ayaba a hannu. Ya durƙusa ya gaishe shi yadda ya kamata. Sai dai shi mutum ne da bai iya magana ƙasa-ƙasa ba, kuma kamar yawancin masu zuwa, ya ɗauka wanda harshensa ya yi nauyi kunnensa ma ya yi. A gaban gadon ya juya ya ce wa Inna:

"Mama, wannan yaro naki yana da zuciya, amma ba ya ci. Yana so ya ɗauka Baba shi kaɗai, jiki babu. Ki ba shi abinci da yawa, in ba haka ba wahala kawai yana sha."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ban taɓa gaya wa Baba ina zuwa wurin ƙarfe ba. Ni ne ɗan fari, tsakanina da shi akwai kunya irin ta mutanen da. Ba ma doguwar hira, ba ma zama wuri ɗaya in ba dole ba. Na saci kallonsa, idonsa yana kan rufin ɗaki kamar bai ji ba.

Kwana biyu bayan haka na dawo daga shago, Inna ta miƙo mini kwanon Baba a rufe. "Babanku ya ce a ba ka," ta ce.

A gidanmu, kamar gidaje da yawa, mai gida ba ya cinye abincinsa tas. Yakan rage wani abu a kwano, a ba yara, kuma ana ɗaukar wannan ragowar a matsayin albarka. Tun tasowarmu ƙarami ake ba, daga wannan ƙanwar ta koma wa waccan har ta tsaya a kan auta. Ni ban taɓa samu ba, don ba a nuna wa ɗan fari irin wannan a fili. Ina yaro na sha leƙen kwanon nan ina haɗiyar yawu. Ranar da ya iso hannuna ina da gemu, na shiga ɗaki na rufe ƙofa na buɗe shi. Kunun gyaɗa ne da madara, da rabin dafaffen ƙwai a gefe. Na ci ina jin daɗin da ban san yadda zan faɗe shi ba.

Daga ranar kullum sai kwanon ya zo. Abincin Baba shi ne mafi kyau a gidan, don likita ya ce a kula da cinsa, kuma masu dubiya suna kawo abin da suka iya: farfesun kaza, hanta, kunun acca da madara, ayaba. Da farko ɗan kaɗan ne a gindin kwano, daga baya ya riƙa yawa. Inna ta ce in ta matsa masa sai ya datse baki ya nuna ƙofar ɗakina da hannunsa mai lafiya. Babu wanda ya ga aibu a ciki. Uba ya rage wa ɗansa abinci, me ya fi wannan zama daidai? Har murna Inna take yi, tana cewa ciwo ya sa uban ya sauke kunya.

Jikina ya karɓa. Wuyana ya cika, kafaɗuna suka buɗe, gwangwanayen simintin da nake ja da ƙyar suka zama na ɗumama jiki. Oga ya fara ƙara mini fayafayan burki yana buga mini baya. Wata safiya bayan ruwan sama ya ɗauke na ce wa Baba yau banɗaki za mu. Na tsuguna yadda aka koya mini, na zura hannu ɗaya ƙarƙashin cinyoyinsa ɗaya a bayansa, na miƙe. Ya taso cak. Na kai shi, na yi masa wanka da ruwa mai yawa yadda yake so, na dawo da shi, numfashina ko sauyawa bai yi ba. Ranar har waƙa na yi a kan keke. Kowane mako ɗaukar tana ƙara sauƙi, ni kuma ina ƙara yaba wa kaina.

Sana'ata ce ta buɗe mini ido. Rigunana sun matse ni a hammata, na kwashe su na kai shago na farke na buɗa. A satin nan kuma na ce bari in ɗinka wa Baba wanduna masu sauƙin cirewa, don na lura na jikinsa suna zamewa. Na san awonsa da ka, ni nake yi masa ɗinkin salla tun ina koyo. Duk da haka na zagaya tef a ƙugunsa don in tabbatar. Da na ga inda ya tsaya na ɗauka kuskure na yi, na sake zagayawa. Na auna cinya, na auna dantse, har na ɓarin da ke da lafiya. Mai ganin mutum kullum ba ya ganin ramarsa, kuma an gaya mana dama mai irin wannan ciwon yakan ɗan zube. Amma wannan ya wuce ɗan zubewa. Abin da na ƙara wa rigunana bai kai abin da zan rage a nasa ba.

Na fita tsakar gida na tambayi Inna nawa yake ci a abin da ake zuba masa. Ta ce cokali kaɗan, sauran ai ni ake kai wa. Tana faɗa ita ma ta ji abin da ta faɗa, ta nemi wuri ta zauna.

Da kwanon ya zo da yamma na ɗauke shi na koma da shi ɗakin Baba. Inna ta biyo ni tana cewa ba a mayar da ragowar uba, na ce yau za a mayar. Na ajiye a gabansa, na ce masa na ƙoshi, shi ya kamata ya ci. Haushi ne ya cika ni. Ban taɓa ɗaga masa murya ba, ranar saura kaɗan. Na ce masa ina da abincina a shago, ina ci har yana isata, ba na bukatar nasa. Na ce yana so ya kashe kansa ne a ce ni na cinye shi?

Ya bar ni na gama. Sannan ya yi mini alama in matso, ya fara haɗa kalmomin ɗaya bayan ɗaya, yawu yana zubo masa ta gefen baki ina goge masa.

"Ciniki ne," ya ce. "Kai ka ƙara. Ni in rage."

Haka yake faɗa a kasuwa shekara da shekaru in mai saye da mai sayarwa sun ƙi haɗuwa: kai ƙara kaɗan, kai kuma rage kaɗan, a sallama. Ashe lissafin da ya yi ke nan yana kwance yana kallon rufi. Ya ga ɗan nasa ba zai kai nauyinsa da wuri ba, sai ya sauko da nauyin ya same ni a hanya. Gefen bakinsa mai motsi ya ɗan ɗaga, wai shi dariya yake yi, ya yi dabara.

Ban yi dariya ba. Na ce ban sallama ba. Ya juya fuskarsa, ya ƙi cin komai a ranar, washegari ma haka har azahar. Taurin kan da ake cewa ina da shi a wurinsa na gada, kuma nasa ya fi nawa tsufa. A ƙarshe ni na sauko. Na ɗauko cokali biyu na zauna a bakin gadon, na ce to ga nawa tayin, cokali ɗaya shi, cokali ɗaya ni, in ya tsaya na tsaya, kuma in na tsaya zan rame, in na rame sai an kira maƙwabta. Ya daɗe yana hararata da ido ɗaya. Sannan ya buɗe baki.

Haka muka riƙa ci a kwano ɗaya, ni da mutumin da ban taɓa haɗa hannu da shi a abinci ba. Yana yi mini wayo, ya riƙe kunu a kumatu ya ƙi haɗiyewa sai na kai nawa biyu, ko ya yi kamar barci ya ɗauke shi. Ina kama shi, wani lokaci kuma in ƙyale. Ya ɗan mayar da jiki, amma bai koma kusa da yadda yake ba. Likita ya ce tsokar da tsoho ya rasa yana kwance da wuya ta dawo. Na ci gaba da zuwa wurin Oga, na ci gaba da cin wakena da awarata a shago, yanzu ba tare da sakin labule ba.

Ciwon shanyewar jikin ne ya sake buge shi karo na biyu ya tafi da shi, wata safiya a ƙarshen damina. An ce mini ba rashin ci ne ya kawo shi ba, kuma na karɓa, don ba ni da yadda zan yi in ban karɓa ba. Daga ranar da maƙwabtan nan suka fita har ranar da ya cika, babu wani bare da ya sake ganin Baba ba sutura. Da za a yi masa wankan ƙarshe, liman da wani dattijo suka matso za su kama mini, na ce su dakata. Na tsuguna na ɗauke shi ni kaɗai na kai shi inda aka shimfiɗa, na rufe shi da kyau, sannan na ce su shigo.

A zaman makoki 'yan uwa suka zo daga nesa, waɗanda suka daɗe ba su gan ni ba. Maza suna yi mini ta'aziyya suna satar kallon kafaɗuna, wani ma ya kasa daurewa ya ce masha Allah, na yi jiki. Da na shiga cikin gida gaida mata, Goggo, yayar Baba, ta dube ni sama da ƙasa. Ta ga gawar ƙaninta kafin a fita da ita, ta ga abin da ya saura. Ba ta rage murya ba.

"Ikon Allah," ta ce. "Uba ya ƙare kamar kara, ɗa kuwa sai ƙiba yake. Kai da ka yi jinya, kamar kai ka cinye shi."

Inna ta buɗe baki za ta yi magana, na girgiza mata kai. Raina ya ɓaci, amma ba da Goggo ba. Da shi nake fushi, da ya yanke wannan ciniki shi kaɗai bai tambaye ni ba, kuma ina kewarsa. Na duba hannuwana da ke kan gwiwoyina, dantsen da ya cika hannun rigata, na rasa ta inda zan ce ta yi ƙarya.

"Haka ne, Goggo," na ce. "Shi ya ba ni."